Kwana Da Ido Ɗaya: Ma'aikaci Da Tsoron Takardar Sallama

A kowace shekara, da zarar an ƙare jarrabawar ƙarshe, babu zancen da ya fi yawa a bakin 'yan'uwa ɗalibai kamar zancen samun aiki. Wane ya san wane a ma'aikata kaza, wance kawunta darakta ne, an ce za a buɗe ɗaukar ma'aikata bayan an sa hannu a kasafin kuɗi. Duk hankalinmu yana ga ƙofar shiga, ba kasafai muke tambayar yadda waɗanda suka riga mu shiga suke kwana ba. Alhali kuwa da za mu dubi yayyenmu da suka yi shekara uku ko biyar a bakin aiki da idon basira, da mun ga abin da zai ba mu tsoro. Saurayin da ya bar nan jami'a yana fara'a, ga shi yanzu ba ya iya cin abincin kirki, ba ya barci sai dare ya raba, in masinja ya shigo da ambulan sai gabansa ya faɗi. In ka tambaye shi lafiya, sai ya ce maka gajiya ce kawai.

Ra'ayina shi ne wannan abu ya wuce gajiya, kuma kuskure ne babba a ɗauke shi a kan ragwanci ko ƙarancin tawakkali, kamar yadda wasu dattawa ke yi. Ciwo ne da ke da asali, ke da tarihi, kuma mafi yawan asalinsa yana cikin yadda aka tsara aikin da kansa.

Bari mu fara da tarihin, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A da, abin da ke jan mutum zuwa aikin gwamnati shi ne tabbas. Albashin bai kai ribar ɗan kasuwa ba, amma an san in ka kama aiki, ka kiyaye doka, to, kai da kujerarka sai ritaya, sa'an nan ga garatuti ga fansho. A farkon 1975 ma sai da aka yi wa ma'aikata ruwan kuɗi bisa ga rahoton kwamitin Udoji na 1974, aka biya su har da bashin watannin baya, kowa ya sayi babur da rediyo. Wannan daɗi bai cika shekara ba. Janar Murtala Muhammed ya karɓi mulki a watan Yuli na 1975, kuma cikin 'yan watanni aka sallami ma'aikata fiye da 10,000, daga manyan sakatarori da alƙalai har zuwa masinjoji. Babban Jojin Ƙasa na lokacin, Taslim Elias, shi ma bai tsira ba. Wasu an ce sun tsufa, wasu ba su da lafiya, wasu ba su da ƙwazo, wasu sun ci amana. Da yawa daga bakin mai karanta labarai a rediyo suka fara jin an kore su nan take, ba tuhuma, ba sauraron bahasi.

Ba na musun cewa a cikinsu akwai waɗanda suka cancanci kora, har ma da ɗauri. Jama'a sun yi ta tafi a lokacin, kuma suna da hujjar tafinsu, domin ofisoshi sun lalace da sakaci da cin hanci. Amma fa a duba darasin da waɗanda suka rage suka ɗauka. Sun ga mutumin da ya yi shekara ashirin da biyar yana aiki da gaskiya an fitar da shi daga gidan gwamnati cikin 'yan kwanaki, ba shi da ko ɗaki ɗaya nasa na kansa, an haɗa shi a jeri guda da ɓarawo. Shi ɓarawon kuwa ya koma gidan benensa yana hutawa. To, wane irin karatu mai hankali zai yi wa wannan allo? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ruwan da da yawa suka shafa shi ne tara abin duniya ta kowace hanya tun kafin ranar ta zo. Masana harkar mulki da tsofaffin ma'aikata masu yawa sun daɗe suna faɗin cewa daga nan ne amana ta fara zubewa a aikin gwamnati, ni ma kuwa na yarda da su.

Ba a tsaya nan ba. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sake rage ma'aikata da yawa, ta kuma kafa Doka ta 17 wadda ta hana kotu sauraron ƙarar wanda aka sallama a ƙarƙashinta. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, aka karya darajar naira. Kuɗin da a 1985 yake kafaɗa da kafaɗa da dalar Amurka sai ga shi ana neman wajen naira 4 kafin a sami dala ɗaya. Mutum yana kan kujerarsa, ba a kore shi ba, amma albashinsa ya narke a hannunsa. Maƙwabtanmu na Nijar sun sha irin wannan a watan Janairu na 1994, sa'ad da aka karya darajar sefa da rabi a dare ɗaya, ga kuma bashin albashi na watanni da ma'aikatansu suka yi ta bin gwamnati a shekarun nan. A gida kuma, masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, sauran masaƙun Kakuri suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A 2015 da 2016 jihohi da dama sun kasa biyan albashi sai da Gwamnatin Tarayya ta ba su rancen ceto. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare wajen 33,000 jarrabawa, ta ce 21,780 sun faɗi, ta sallame su. Kowa na da ra'ayinsa game da wannan jarrabawa, kuma yaron talaka yana da haƙƙin samun malamin da ya iya karatu. Abin da nake nunawa kurum shi ne, duk ma'aikacin da ya shiga ofis yau, ya shiga ne da waɗannan labarai a kunnensa.

Wannan duk ga mai cikakken aiki ke nan. Ina ga matasan da ake ɗauka aikin kwantiragi a bankuna da kamfanonin waya da makarantu masu zaman kansu, waɗanda ake sabunta musu takarda shekara-shekara, ko a ƙi sabuntawa ba tare da ko sannu ba? Su kam kullum da jaka a rataye suke aiki.

Akwai masu cewa, har da wasu shugabannin ofis da nake girmamawa, wai ɗan Nijeriya ba ya aiki sai da bulala, in ba ya tsoron kora sai ya miƙe ƙafa. Wannan magana tana da daɗin faɗa, amma ban ga ta yi daidai da abin da ake gani ba. Mai tsoro yana zuwa ofis da wuri, gaskiya ne, amma me yake yi in ya zo? Ba ya yanke shawara a kan fayil, sai ya rubuta a tura gaba, don kada wata rana a ce shi ne. Ba ya gaya wa maigidansa gaskiya in ya ga ana shirin ɓarna. Rabin ranarsa yana kashe ta ne wajen sauraron raɗe-raɗin wa za a ɗauke, wa za a kawo, da neman wanda zai tsaya masa a sama. Daga nan ake samun 'yan fadanci da 'yan kai tsegumi, daga nan fayil ɗin gwauruwar da ke neman haƙƙin mijinta yake shekara yana yawo tsakanin tebura uku.

Likitoci ma sun yi bincike a kan wannan, kuma abin sha'awa, a kan ma'aikatan gwamnati suka yi shi, na ƙasar da muka gaji tsarin aikinmu daga gare ta. A 1967 aka fara bin lafiyar ma'aikata maza wajen 18,000 a ofisoshin gwamnati na birnin Landan. Kowa ya zaci manya, masu ɗauke da nauyin ƙasa, su ne ciwon zuciya zai fi kamawa. Sai aka tarar akasin haka: na can ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, sun fi na ƙoli yawan mutuwa har wajen ninki uku, kuma kowane mataki ya fi wanda ke samansa. A 1985 Michael Marmot da abokan aikinsa suka buɗe zagaye na biyu da mutum fiye da 10,000, maza da mata, suka gano cewa ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne rashin iko a kan aikinka: a ɗora maka kaya, a hana ka faɗin yadda za ka ɗauka. Har wa yau, a cikin binciken nan akwai wata ma'aikata da aka yi shelar za a sayar da ita ga 'yan kasuwa. Lafiyar ma'aikatanta ta fara taɓarɓarewa tun ana raɗe-raɗi, tun ba a sallami ko mutum ɗaya ba. Watau jiran ranar ma kansa ciwo ne.

Yadda abin yake a jiki ba wuyar fahimta. In mutum ya firgita, jikinsa yakan saki wasu sinadarai, adirenalin da kotisol, waɗanda ke sa zuciya ta ƙara bugu, jini ya hau, sukari ya ƙaru a jini, ciki ya dakatar da narkar da abinci. Wannan shiri ne na gudu ko kokawa, kuma alheri ne ga wanda kura ta biyo, domin bayan 'yan mintoci komai zai lafa. Amma wanda kurarsa takarda ce da ba a san ranar fitowarta ba, jikinsa ba ya samun lafawa. Sai ka ga ɗan shekara talatin da biyu da hawan jini, da ciwon kai kullum, da zafin ciki, da saurin fushi. Fushin da bai iya yi wa maigida ba kuwa, a kan matarsa da 'ya'yansa yake sauka. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan ƙonewar ƙarfi da aiki ke jawowa cikin kundinta, ta ce alamunta uku ne: rashin kuzari, da jin ƙyamar aikin, da raguwar ƙwazo.

Namu ma ya fi na Bature nauyi ta wani gefen. Shi in ya rasa aiki, shi da matarsa da 'ya'ya biyu ne. Ɗan bokonmu kuwa shi ne asibitin gidansu, shi ne kuɗin makarantar ƙanne, shi ne takin gonar baba, shi ne ragon suna da kayan ɗakin ƙanwa. Kuma bai isa ya ce ba shi da shi ba, gama a idon ƙauye duk mai zuwa ofis da rigar guga mai kuɗi ne. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 30,000 a 2019, sa'an nan zuwa 70,000 a 2024, amma tsakanin nan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, dala kuma ta haura naira 1,500 a 2024. Ga 'yar'uwarmu mace sai a ƙara girki da reno bayan an tashi, a ƙara da maigidan da ba ya tsoron Allah, wanda ya san cewa takardar tabbatar da ita a aiki tana cikin durowarsa.

To, mene ne abin yi? Ba zan ce wa kowa ya daina damuwa ba, domin wannan shawara ba ta taɓa warkar da kowa ba. Abin da ke rage tsoro shi ne a rage duhun da yake zaune a ciki, kuma duhu na farko jahilcin doka ne. Abin kunya ne a ce mai digiri ya shekara biyar a ofis bai taɓa buɗe littafin ƙa'idojin aikin gwamnati ba, amma haka abin yake ga mafi yawanmu. Littafin nan ya faɗi cewa sabon ma'aikaci yana zaman gwaji na shekara biyu kafin a tabbatar da shi. Ya faɗi cewa ritaya tana zuwa ne a shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki. Ya bambanta ƙaramin laifi da babba. Ya kuma wajabta a ba mutum takardar tuhuma, a ba shi damar kare kansa a rubuce, kafin a hukunta shi. Tun a 1981 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar Shitta-Bey da Hukumar Ma'aikatan Tarayya cewa ma'aikacin da doka ta kafa aikinsa ba a korarsa don son rai, ta kuma ba da umarni a mayar da shi. A 1985 ta ƙarfafa wannan a shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas. Tun daga gyaran tsarin mulki na 2010 kuma, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ta zama babbar kotu mai cikakken iko a kan rigingimun aiki. Shari'a tana da tsawo, tana da cin kuɗi, ban ce da sauƙi ba. Amma akwai bambanci mai yawa tsakanin wanda ya san ba a isa a kore shi da baki ba da wanda ke zaton kowace harara ta maigida ita ce ƙarshensa.

Tare da wannan, a riƙe takardu. Takardar ɗauka, ta tabbatarwa, ta kowane ƙarin girma, ta kowane canjin wurin aiki, takardar albashi ta wata-wata: a yi kwafinsu a ajiye a gida, a ɗauki hotonsu a waya. Fayil yana ɓata a ofis, wani lokaci da gangan. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma duk wanda ya ga tsofaffi a layin tantancewa suna neman takardar da aka ba su shekara talatin da suka wuce ya san abin da nake nufi. Wanda yake cikin tsarin fanshon taro na dokar 2004, wadda aka sabunta a 2014, ya san cewa ana cire kashi 8 cikin 100 daga albashinsa, mai aikin ya ƙara kashi 10, to ya riƙa duba asusunsa ya ga ko kuɗin na shiga da gaske, gama cirewa dabam, zubawa dabam. Dokar ta kuma yarda wanda ya rasa aiki kafin ya kai shekara 50, in ya yi wata 4 bai sami wani ba, ya ɗauki kashi 25 cikin 100 na abin da ya tara. Wasu jihohi suna da nasu tsari dabam, sai kowa ya binciki na jiharsa.

Sai bashi. An ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma akwai hanjin da ke shaƙe mai shi. Ma'aikacin da ya jinginar da rabin albashinsa na shekara uku don mota ko don bikin nuna isa ya sayar da bakinsa; ba zai iya cewa a'a ga kowane umarni ba, komai muninsa. Mafi sharri su ne masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka makara kwana biyu sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarka saƙon cin mutunci. Adashi da ƙungiyar taimakon juna ta ofis sun fi waɗannan rufin asiri nesa ba kusa ba. Kuma ya kamata saurayi ya koyi gaya wa danginsa gaskiyar abin da yake samu, da ladabi, sau ɗaya, maimakon ya yi ta cin bashi don kare sunan da ba shi da abin riƙe shi. Game da sana'a ta biyu, a yi hattara: tsarin mulki na 1999 ya hana cikakken ma'aikacin gwamnati gudanar da kasuwanci na kansa, in ban da noma. Noman kuwa ba abin rainawa ba ne. Mai buhu goma na masara a ɗaki da 'yan tumaki a bayan gida yana sauraron raɗe-raɗin kora da wani irin kunne dabam.

Akwai kuma inda dabara ke ƙarewa, sai likita. Wanda ya yi mako biyu ko fiye ba ya barci, ba ya jin daɗin komai, ko zuciyarsa na bugawa ba dalili, ko ya fara tunanin gara ya mutu ya huta, to ya je asibiti, kada ya tsaya jiran ya wuce. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano, kuma asibitocin koyarwa suna da sashen. Mutanenmu suna gudun waɗannan wurare don kada a ce sun haukace, sai su koma ga ƙwaya da maganin tari, su mai da ciwo ɗaya biyu. Addu'a da shan magani ba sa faɗa da juna. Ba wanda ke ƙin zuwa wurin maɗori don yana da imani. A watan Janairu na 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, kuma tun a 2010 dokar biyan diyyar ma'aikata ta amince cewa damuwar da aiki ya jawo, in likita ya tabbatar, abin biyan diyya ce kamar karaya. Ma'aikata nawa ne suka san da wannan?

Duk abin da na zana a sama na mutum ɗaya ne, kuma ina tsoron kada mai karatu ya ɗauka shi ke nan. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Babban abin da tsoron kora ke yi shi ne raba kan ma'aikata, kowa ya ja jikinsa, yana addu'ar in za ta faɗo ta faɗa kan na kusa. Mu 'yan boko mun fi kowa wannan hali, muna ganin taron ƙungiyar ƙwadago na leburori da direbobi ne, alhali kuwa ana cire mana kuɗin ƙungiya kowane wata, mu bar wa 'yan tsiraru su yi yadda suka ga dama da shi, sa'an nan mu zauna muna zagin shugabannin sun sayar da mu. In ƙungiya ta lalace, shiga ake yi a gyara. Abin da ya kamata a nema a wurin gwamnati da kamfanoni ma ba mai yawa ba ne: in za a rage ma'aikata, a faɗi ma'aunin tun da wuri, a ba da wa'adi, a saurari kowa, a biya haƙƙi kafin a karɓi makulli. Malalaci da ma'aikacin bogi a kore su, amma ta ƙofar doka, don mai gaskiya ya ga bambancin da ke tsakaninsa da su.

Ita ma ƙungiyarmu ta ɗalibai tana da nata rabo. Muna kashe kuɗi mai yawa a kan makon al'adu da liyafar yaye ɗalibai. Ina roƙon shugabanninmu su ware yini ɗaya rak a zangon ƙarshe, su gayyato tsohon babban sakatare ɗaya, da lauya mai shari'ar ma'aikata, da likita daga asibitin koyarwa, su zauna da 'yan ajin ƙarshe a babban ɗakin taro, a raba wa kowa kwafin littafin ƙa'idojin aiki kafin ya tafi bautar ƙasa. Kuɗin lemon liyafa kaɗai ya isa ya biya wannan.